Asusun waƙafin tallafin karatu a kwalejin ƙabila: kashi nawa ya dace a riƙa kashewa a shekara?

Malama Rabi'atu ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina aiki a ofishin kuɗi na wata ƙaramar kwaleji a Amurka, ɗaya daga cikin kwalejoji fiye da 30 da ƙabilun asali suka kafa domin 'ya'yansu, kuma an ɗora mini alhakin rubuta daftarin ƙa'idar kashe kuɗin asusun waƙafinmu na tallafin karatu, wanda za a gabatar wa kwamitin amintattu a zamansa mai zuwa. Na san a cikinmu akwai waɗanda suka daɗe a wannan fanni, shi ya sa na kawo tambayata nan.

Asusun ya kai kimanin dala miliyan 4, kuma an tara shi ne daga hanyoyi daban-daban a tsawon shekaru: akwai kyaututtukan mutane ɗaiɗaiku da suka sa sharaɗin kada a taɓa uwar kuɗin, akwai wani kaso da ya samo asali daga tallafin gwamnatin tarayya, akwai kuma wata kyauta mai tsoka da aka ba kwalejin ba tare da wani sharaɗi ba, wadda kwamitin da kansa ya yanke shawarar ajiyewa a cikin asusun. Har zuwa yau babu rubutacciyar ƙa'ida. Abin da aka saba shi ne a duba darajar asusun a ƙarshen watan Yuni, a cire kashi 4 cikin 100, a raba wa ɗalibai.

Yanzu kan kwamitin ya rabu biyu. Wasu na ganin ya kamata a ɗaga abin da ake cirewa zuwa kashi 7 cikin 100, domin ɗalibai na barin karatu saboda bashin da bai taka kara ya karya ba, kuma a ganinsu babu hujjar tara dukiya a kasuwar hannun jari alhali waɗanda aka tara ta dominsu suna cikin ƙunci a yau. Wasu kuma na cewa ko sisi kada a ƙara, domin asusun amana ce ta jikoki da tattaɓa-kunne. Duka ɓangarorin mutane ne masu kishin al'ummarsu, kuma ba na so in rubuta takardar da za ta zama makami a hannun wani ɓangare.

Tambayoyina uku ne. Da wane ma'auni ake tsayar da kason da za a riƙa kashewa, ta yadda zai yi wa ɗaliban yau adalci ba tare da an cinye haƙƙin na gobe ba? Wace doka ce ke hawa kanmu, tunda kwalejin tana ƙarƙashin ikon ƙabila ne ba na jiha ba? Sannan muna da wani ƙaramin asusu na kusan dala dubu 60 da wata baiwar Allah ta bari kafin rasuwarta, da sharaɗin a ba ɗaliban wani kwas da kwalejin ta daina koyarwa tuni, ribar tana ta taruwa babu mai cin gajiyarta. Yaya ake warware irin wannan?

Malam Sanusi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama Rabi'atu. Aikina shi ne duba littattafan kuɗin ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, kuma abin da na fara lura da shi a bayaninki shi ne ba asusu ɗaya gare ku ba, asusu uku ne da aka zuba a wuri guda, kuma kowanne da hukuncinsa. Muddin ana maganar dala miliyan 4 a dunƙule, gardamar kashi 4 da kashi 7 ba za ta ƙare ba, domin kowane ɓangare yana da gaskiya a kan wani kaso na kuɗin, yana kuma da kuskure a kan wani.

Kuɗin da masu kyauta suka ɗaure da sharaɗi shi ne waƙafi na haƙiƙa, kuma kwamiti ba shi da ikon sauya wannan sharaɗi da ƙuri'a. Kuɗin da aka bayar babu sharaɗi, kwamitin ya ajiye shi da kansa, ba waƙafi ba ne a idon doka. Ajiya ce da kwamiti ya yi, kuma yadda ya ɗaure ta haka yake da ikon kwance ta gobe. Ƙa'idojin lissafin ƙungiyoyi irin naku, tun bayan gyaran da aka yi musu a 2016, sun raba dukiya gida biyu ne kawai, mai sharaɗin mai kyauta da marar sharaɗi, saboda haka rahoton mai binciken kuɗinku na bara ya kamata ya nuna miki adadin kowanne. Kason gwamnatin tarayya kuwa yana bin takardar tallafin da ya zo da ita. Idan ya fito ne daga shirin ƙarfafa kwalejojin ƙabilu na Ma'aikatar Ilimi, wanda ke ba da damar zuba har kashi 20 cikin 100 na tallafin a asusun waƙafi matuƙar kwaleji ta kawo kwatankwacinsa daga wata hanya, to akwai wa'adin shekara 20 da ba a taɓa uwar kuɗin, kuma a cikin wa'adin ba a kashe fiye da rabin ribar da ta taru. Ki nemo takardar ki duba ranar da wa'adin ya fara kafin ki rubuta komai.

Game da doka, mafi yawan ƙungiyoyin agaji a Amurka suna bin dokar kula da kuɗin waƙafi da kashe shi da ake kira UPMIFA, wadda aka tsara a 2006 kuma dukkan jihohi suka karɓa in ban da Pennsylvania. Amma ita dokar jiha ce, kuma kwalejin da ƙabila ta kafa da takardar izininta ba lallai ne dokar jiha ta hau kanta kai tsaye ba. Abin da zai raba gardama shi ne sunan wa ke kan kuɗin. Idan kwalejin ce da kanta, to a duba dokar ƙabila da takardar kafa kwalejin da yarjejeniyar kowace kyauta. Idan kuwa akwai gidauniya ta daban da aka yi wa rajista a jiha, to dokar jihar ce ke aiki a kanta. Wannan tambaya ce ta lauyan da ya san dokar ƙabilu, kada ki ɗauki maganata a matsayin fatawa. Shawarata dai ita ce ko da dokar ba ta hau kanku ba, kwamitin ya ɗauki ma'auninta da kansa ya rubuta shi a cikin ƙa'idarsa, domin shi ne ma'aunin da masu kyauta da masu binciken kuɗi suka sani. Dokar ta lissafa abubuwa 7 da ake dubawa kafin a cire kuɗi, daga cikinsu akwai ɗorewar asusun, manufar da aka kafa shi dominta, halin tattalin arziki, hauhawar farashi, ribar da ake sa rai, da sauran hanyoyin samun kuɗi na makarantar. Wasu jihohin sun ƙara da cewa cire fiye da kashi 7 cikin 100 a shekara alama ce ta rashin hattara har sai an kawo hujja, wato adadin da wasu 'yan kwamitinku ke nema yana bakin iyakar da doka ke ɗaga gira.

Bari in yi lissafin a fili, domin shi ne zai taimake ki a gaban kwamiti. A ɗauka asusun yana kawo ribar kashi 7 cikin 100 a matsakaici na dogon lokaci, masu kula da jarin suna cire kashi 1, farashi kuma yana hawa da kashi 2.5 a shekara. Abin da ya rage wanda za a iya kashewa ba tare da asusun ya rage ƙarfi ba shi ne kashi 3.5. A kan kashi 4 kuna dab da daidai. A kan kashi 7 kuwa, ƙarfin sayen asusun zai riƙa raguwa da kusan kashi 3.5 duk shekara, kuma cikin shekara 20 zai koma rabin abin da yake a yau. Bambancin da ake faɗa a kansa a bana dala dubu 120 ne, tsakanin dubu 160 da dubu 280, amma ɗalibar da za ta shiga kwalejin bayan shekara 20 za ta tarar da asusun da ba ya iya yi mata rabin abin da ya yi wa mahaifiyarta.

Abin da ya fi damuna ma ba adadin ba ne, yadda kuke auna shi ne a rana guda. A 2022 hannayen jarin manyan kamfanonin Amurka sun faɗi da kusan kashi 18 cikin 100, takardun lamuni kuma da kusan kashi 13, a daidai shekarar da hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 a watan Yuni. Asusu irin naku da ya sauka da kashi 16 zai ba da kusan dala dubu 134 a maimakon dubu 160, wato tallafi ya ragu a lokacin da man fetur da abinci suka fi tsada. Maganin wannan shi ne a ɗauki matsakaicin darajar asusun na rubu'i 12 da suka gabata, wato shekara uku ana auna shi duk wata uku, a cire kason daga wannan matsakaici, ta yadda faɗuwar shekara ɗaya ba za ta sauka gaba ɗaya a kan ɗaliban wannan shekarar ba. Ni da zan rubuta, zan sa kashi 4 zuwa 4.5 a kan matsakaicin shekara uku ga waƙafi na haƙiƙa, in kuma bar ajiyar kwamiti ta ɗauki nauyin buƙatun gaggawa bisa wani tsari na dabam mai wa'adi.

Hajiya Bilkisu ta amsa:

Malam Sanusi, lissafinka daidai ne, kuma ba ni da ja a kan raba asusun gida uku. Sai dai ina so in tsaya a ɓangaren 'yan kwamitin da ke neman ƙari, domin na yi shekaru a ofishin tallafin ɗalibai, kuma na san abin da suke gani wanda ba ya fitowa a rahoton masu kula da jari. Lissafin ɗorewa yana ɗauka cewa dalar da aka kashe a bana da dalar da za a kashe bayan shekara 20 amfaninsu ɗaya ne, ni kuwa ban yarda da haka ba a al'ummar da ke ƙarancin malaman makaranta da ma'aikatan jinya 'yan gida. Matar da ta kammala karatun jinya a bana za ta yi wa mutanenta aiki shekara talatin, 'ya'yanta kuma za su tashi a gidan da aka san hanyar kwaleji. Wannan ma riba ce da ke haihuwa, ko da ba ta shiga littafin banki, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Amma ba na ganin mafita ita ce a ɗaga kaso zuwa 7 a ci gaba da rabawa yadda ake rabawa. Malama Rabi'atu, kafin ki nemi ƙarin kuɗi, ki zauna da ma'aikatan ofishin tallafi ku duba inda dala dubu 160 ta bara ta tafi, da kuma nawa ne daga ciki ba a iya rabawa ba saboda sharuɗɗa. Kuɗin makaranta a yawancin kwalejojin ƙabilu ba shi da yawa, kuma ɗalibai masu ɗimbin yawa suna samun tallafin Pell na gwamnatin tarayya, wanda mafi girmansa ya kai dala 7,395 a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025. Saboda haka tallafin da aka rubuta cewa na biyan kuɗin makaranta ne kawai yakan zo ya tarar an riga an biya, ya zama bai ƙara wa ɗalibi komai ba. Abin da ke fitar da mutane daga aji shi ne kuɗin mai na tafiyar mil masu yawa a yankunan da ba motar haya, gyaran mota a lokacin sanyi, kuɗin renon yara, intanet a gida, da ɗan bashin zangon baya da ke hana rajistar zango mai zuwa. Ɗalibai da dama iyaye ne, mata sun fi yawa, kuma da yawansu suna riƙe da tsofaffi a gida.

Haka nan sharaɗin cewa dole ɗalibi ya ɗauki kiredit 12 a zango, wato karatun cikakken lokaci, kuma ya riƙe matsakaicin maki 3.0 cikin 4 yana kama da tsari mai kyau a takarda, amma a aikace yana cire uwa mai aiki da ke iya ɗaukar darasi biyu kawai, yana kuma cire wanda ya yi rashi a tsakiyar zango ya tafi hidimar makoki ta al'adarsu har makinsa ya faɗi. Duk inda sharaɗin na kwaleji ne ba na mai kyauta ba, ku sassauta shi: a karɓi mai rabin lokaci, a ba wanda makinsa ya faɗi zango ɗaya ya gyara, a kuma bar ƙofa ga wanda ya dakata ya dawo.

Akwai abubuwa biyu na ƙa'ida da ya kamata daftarinki ya ambata. Na farko, ofishin tallafi yana da ƙiyasin jimillar kuɗin da karatu ke ci wa ɗalibi a shekara, wanda ya haɗa da masauki da abinci da sufuri da littattafai, kuma doka ta yarda a sa kuɗin renon yara a ciki. Idan wannan ƙiyasi ya tsufa ko ya yi ƙasa da gaskiya, ƙarin tallafi daga asusunku zai iya jawo a rage wani tallafin da ɗalibi ke samu, ya zama kun ba da hannun dama an karɓe da na hagu. A sabunta ƙiyasin kafin a ƙara rabo. Na biyu, a dokar harajin Amurka tallafin da ya tafi kan kuɗin makaranta da littattafai da kayan karatu na dole ba a biyan haraji a kansa, amma wanda ya tafi kan masauki da abinci ana lissafa shi cikin kuɗin shiga. Ga mai ƙaramin ƙarfi sau da yawa hakan ba ya kai ga biyan komai, amma haƙƙinsa ne a sanar da shi a rubuce tun ranar da aka ba shi.

Ina goyon bayan a ware wani kaso na ajiyar kwamiti a mayar da shi asusun gaggawa na shekara biyar, wanda ake biya cikin kwana biyu ko uku ba sai ƙarshen zango ba, sannan a riƙa rubuta nawa ne daga waɗanda aka taimaka suka dawo zango na gaba. Idan bayan shekara biyar alƙaluman sun nuna yana riƙe ɗalibai, kun sami hujja mafi ƙarfi da za ku kai wa masu kyauta, ciki har da ƙungiyoyi irin su American Indian College Fund da ke Denver, wadda ke tallafa wa karatun ɗalibai 'yan asali tun 1989.

Dokta Habibu ya amsa:

Na karanta amsoshin biyu da natsuwa, kuma ina so in ƙara abin da na ga ya rage, wato dalilin da ya sa maganar ajiye kuɗi a hannun ƙwararru na nesa ke da nauyi na musamman a wannan al'umma. Malama, idan wani dattijo a kwamitinku ya nuna rashin natsuwa da a ce masa ya bar dukiya a hannun amintattu ya jira riba, kada ki ɗauka rashin sanin harkar jari ne. Fiye da shekara ɗari gwamnatin tarayya tana riƙe da kuɗin filaye da ma'adinan 'yan asalin ƙasar a matsayin amana, kuma rashin iya bayar da lissafin wannan amana ne ya sa Elouise Cobell, 'yar ƙabilar Blackfeet, ta shigar da ƙara a 1996, wadda ta ƙare da sulhun dala biliyan 3.4 da majalisa ta amince da shi a 2010. Daga wannan sulhu ne aka ware har dala miliyan 60 domin asusun tallafin karatu mai ɗauke da sunanta. Kafin wannan, dokar Morrill ta 1862 ta raba wa jihohi filaye domin kafa jami'o'i, kuma binciken da mujallar High Country News ta wallafa a 2020 ya nuna kusan eka miliyan 11 ne da aka karɓe daga ƙabilu kusan 250. Wato waƙafin manyan jami'o'i da yawa ya tsiro ne daga ƙasar waɗannan mutane, alhali kwalejinsu ta farko, wadda a yau ake kira Diné College a yankin Navajo, sai a 1968 aka kafa ta. Da a 1994 aka ba kwalejojin ƙabilu matsayi irin na waccan doka, ba a ba su fili ba, sai aka kafa musu asusu a Baitulmalin Amurka, ana raba ribarsa duk shekara, kashi 60 bisa yawan ɗalibai 'yan asali, kashi 40 kuma daidai wa daida.

Abin da wannan tarihi ke nufi ga daftarinki shi ne ɓangaren bayar da lissafi ya fi ɓangaren kaso muhimmanci wajen samun amincewa. Ki rubuta cewa duk rubu'in shekara za a kawo wa kwamiti rahoto na shafi biyu cikin harshe mai sauƙi, mai nuna darajar kowane asusu, abin da aka cire, abin da masu kula da jari suka karɓa a dala ba a kaso kawai ba, da adadin ɗaliban da suka amfana. Ki rubuta cewa sau ɗaya a shekara za a gabatar da shi a taron jama'a. A kwamitin jari kuma a sa 'yan al'umma tare da ƙwararru, a kuma raba aiki ta yadda mai zaɓen ɗaliban da za a ba tallafi ba shi ne mai sa hannu a fitar da kuɗi ba. A ƙaramar al'umma kusan kowa dangin kowa ne, saboda haka ƙa'idar janyewa daga yanke hukunci a kan ɗan'uwa kariya ce ga ma'aikata kansu, ba zargi ba. Haka kuma ku tambayi kwamiti ko akwai harkokin da ba ya so a zuba jarinsa a ciki. Bayan zanga-zangar da 'yan asali suka yi a Standing Rock, yankin ƙabilar Sioux, a 2016 kan bututun mai na Dakota Access, wannan tambaya ba ta ado ba ce, kuma gara a amsa ta a rubuce tun kafin ta taso da rikici.

Kan ƙaramin asusun marigayiya, kada ku karkatar da shi da kanku ko da niyyar alheri ce. A tsarin UPMIFA, mai kyauta ne ke iya sassauta sharaɗinsa a rubuce idan yana raye. Idan ya rasu, sai a je kotu a nemi ta sauya manufar zuwa mafi kusa da abin da ya nufa, tare da sanar da babban lauyan jiha. Akwai gajeriyar hanya ga asusun da ya tsufa kuma bai da yawa, wadda a ainihin rubutun dokar ta shafi wanda bai kai dala dubu 25 ba kuma ya wuce shekara 20, inda sanarwar kwana 60 ke wadatarwa, amma jihohi da dama sun sauya waɗannan adadi, don haka dala dubu 60 na iya shiga a wata jiha ta kasa shiga a wata. Idan kuwa kuɗin na ƙarƙashin ikon ƙabila ne, mai yiwuwa kotun ƙabila ce za ta duba. Ku tuntuɓi magada domin girmamawa da kuma sanin nufin marigayiyar, duk da cewa yardarsu kaɗai ba ta maye gurbin tata.

Ku kuma gyara yarjejeniyar kyaututtuka masu zuwa, a sa sakin layin da ke ba kwamiti ikon mayar da tallafi ga manufa mafi kusa idan ta farko ta gagara. A wajen fayyace wanda ya cancanta, a yi amfani da zama ɗan ƙabila mai rajista ko zuriyar mai rajista, ba launin fata ba. Kotun Ƙoli a shari'ar Morton da Mancari ta 1974 ta ɗauki zama ɗan ƙabilar da gwamnati ta amince da ita a matsayin alaƙa ta siyasa, kuma wannan bambanci ya ƙara muhimmanci bayan hukuncin da kotun ta yanke a 2023 na hana la'akari da launi wajen ɗaukar ɗalibai a jami'o'i. Kowace ƙabila ce ke tsara sharaɗin rajistarta, wasu suna neman wani gwargwadon jini, shi ya sa ake samun yaron da ya tashi a cikin al'umma, iyayensa daga ƙabilu biyu, amma bai cika sharaɗin ko ɗaya ba. Idan takardar ta ce masu rajista kawai, kun rufe masa ƙofa har abada ba tare da mai kyauta ya nufi hakan ba.

Malama Rabi'atu ta sake rubutawa:

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na koma kan rahoton mai binciken kuɗi, na tarar ajiyar kwamiti ta kai kusan kashi ɗaya cikin uku na jimillar, kuma kuɗin yana rubuce ne da sunan gidauniyar kwalejin da aka yi wa rajista a jiha, saboda haka zan nemi lauyanmu ya tabbatar da dokar jihar. Zan gabatar da kaso 4.25 a kan matsakaicin rubu'i 12 ga waƙafi, da asusun gaggawa na shekara biyar daga ajiyar kwamiti kamar yadda Hajiya ta kawo. Malam Sanusi, saura abu biyu: biyu daga cikin sababbin asusunmu darajarsu ta sauka ƙasa da abin da aka bayar tun farko, shin a dakatar da rabo daga cikinsu? Kuma kashi 1 da ka ambata na masu kula da jari, shin ya yi yawa ga asusu mai girman namu?

Malam Sanusi ya sake amsawa:

Malama, a tsohuwar dokar 1972, wadda UPMIFA ta maye gurbinta, ba a yarda a cire komai daga asusun da ya sauka ƙasa da adadin da aka bayar ba in ban da kuɗin shigar da jarin ya haifar, amma UPMIFA ta cire wannan shinge ta bar abin ga hattarar amintattu, sai dai in takardar kyautar ta hana. Ƙa'idojin lissafi suna buƙatar ku bayyana irin waɗannan asusu a rahotonku, da adadin asali da darajar yanzu da kuma manufarku a kansu. Abin da na fi ganin ya dace shi ne a rubuta matakai tun yanzu: idan saukar ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba a ci gaba da rabo, idan ta wuce a rage shi zuwa rabi, idan ta wuce kashi 20 a dakatar har ya farfaɗo. Waɗannan adadi shawarata ce, kwamiti na iya sauya su. Sai dai ɗalibin da aka riga aka yi wa alkawarin shekara biyu kada a yanke masa a tsakiya. A cike masa daga ajiyar kwamiti, kuma a lissafa wannan yiwuwar tun kafin a tsayar da girman asusun gaggawa. Ga sababbin kyaututtuka, ku sa ƙa'idar cewa ba a fara rabo sai kuɗin ya yi shekara ɗaya cikakkiya a jari.

Game da lada, kashi 1 na dala miliyan 4 dala dubu 40 ne a shekara, wato kusan rubu'in abin da ke isa hannun ɗalibai. Ki nemi a ba ki jimillar a rubuce, domin sau da yawa akwai ladan mai ba da shawara, akwai na kamfanonin da aka zuba kuɗin a cikinsu, akwai na bankin da ke riƙe da takardu, wani lokaci har da kason da gidauniya ke cirewa na gudanarwa. Asusu mai girman naku ba ya buƙatar jarin da ake kulle kuɗi shekara goma irin na manyan jami'o'i; haɗin hannayen jari da takardun lamuni masu bin ma'aunin kasuwa, waɗanda ladansu bai kai rubu'in kashi 1 ba, ya wadatar, tare da ajiye kuɗin rabon shekara guda a wuri mai sauƙin cirewa domin kada a tilasta muku sayarwa a lokacin da kasuwa ta faɗi. Idan mai ba ku shawara yana yin aikin da ya wuce zaɓen jari, kamar rubuta rahoto da horar da 'yan kwamiti, a biya shi a kan wannan a fili, kuma a sa a cikin ƙa'idar cewa duk shekara biyar za a nemi tayin wasu kamfanoni a kwatanta da nasa.